Yadda Ake Ɗaukar Hoton Injin Iska Yana Juyawa da Rana Tsaka

A Lambar Rimi ta Jihar Katsina an kakkafa injunan iska guda 37 domin samar da wutar lantarki. Kamfanin Vergnet na ƙasar Faransa ne ya ƙera su, kowanne yana da fukafukai biyu da ƙarfin kilowat 275, wato jimilla kimanin megawat 10. An faro shirin tun shekarar 2005, zamanin da marigayi Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa yake gwamnan jihar.

Sau da yawa idan mutum ya ɗauki hoton irin wannan inji yana tsakiyar juyawa, sai fukafukan su fito a sandare, har mai kallo ya kasa bambance injin da ke aiki da wanda ya lalace. A wannan maƙala za mu duba dalilin haka da kuma hanyar gyara shi.

Ido da kyamara

Hasken da ke shiga idon ɗan'adam yana bi ta 'yar kafar nan da ke tsakiyar baƙin ido, ya sauka a kan wani tantani da ke can baya, wanda ake kira ratina. Kafar takan tsuke ta koma kamar milimita 2 cikin rana, ta buɗe har wajen milimita 8 cikin duhu. Ƙwayoyin ratina kuwa sukan ɗan jima suna tara haske kafin su aika da saƙo ga ƙwaƙwalwa. Shi ya sa idan yaro ya kaɗa itace mai garwashi da dare, muke ganin zoben wuta alhali wutar ɗigo ɗaya ce.

Ita ma kyamara tana da kafar haske, tana da fim ko na'urar da ta maye gurbinsa, sannan tana da marufi mai buɗewa ya rufe. Duk abin da ya motsa a tsawon lokacin da marufin yake buɗe, sawunsa zai fito a hoton.

Lissafin juyawa

Mu ɗauka injin yana zagaye 30 a minti ɗaya. Ke nan rabin zagaye yake yi a kowane sakan, wato digiri 180. Idan marufi ya buɗe na 1/125 na sakan, fiffike bai gusa da digiri ɗaya da rabi ba, don haka zai fito a tsaye. A 1/15 na sakan zai ci digiri 12, a ga ɗan inuwa a bayansa. A 1/4 na sakan zai share digiri 45, ya yi kama da mafici. Idan kuwa aka kai sakan ɗaya cif, fukafukai biyun za su rufe da'irar baki ɗaya, hoton ya fito kamar faifai.

Matsalar rana

Masu ɗaukar hoto suna da wata tsohuwar ƙa'ida: idan rana ta take, a sa kafar haske a f/16, ƙarfin karɓar haske a ISO 100, marufi kuma a wajen 1/125 na sakan. To, daga 1/125 zuwa 1/4 akwai matakai biyar: 1/60, 1/30, 1/15, 1/8, 1/4. Kowane mataki yana ninka haske sau biyu, ke nan hasken zai ƙaru sau 32, hoton ya fito fari fat. Tsuke kafar zuwa f/22 mataki ɗaya kurum yake ragewa, saura huɗu.

Maganin wannan shi ne wani baƙin gilashi da ake ɗaurawa a bakin kyamara, wanda ake sayarwa da alamar ND. Aikinsa ya rage haske ba tare da sauya launi ba. ND8 yana rage matakai uku, ND64 shida, ND1000 kuwa kimanin goma. Saboda haka da ND64, 1/125 zai koma rabin sakan, fiffike ya share digiri 90. Da ND1000 za a kai sakan 8, amma a nan fukafukan sukan kusa ɓacewa, domin a kowane gurbi sararin sama ya fi fiffike daɗewa a gaban kyamara.

Mai amfani da wayar hannu ya lura cewa kafar yawancin wayoyi a buɗe take a wajen f/2, kuma ba ta tsukuwa. Daga f/16 zuwa f/2 matakai shida ne, don haka waya tana bukatar gilashi mafi duhu.

Sharuɗɗan aiki

Na farko, dole kyamara ta zauna daram a kan madogari mai ƙafa uku ko bisa dutse, a kuma sa ta ɗauka da kanta bayan sakan biyu, domin rawar hannu za ta dagula har da ginshiƙin injin. Na biyu, a saita ganin kyamara kafin a ɗaura gilashin, saboda ba ta iya saita kanta cikin duhu. Na uku, a bar rana a bayan mai ɗauka, kada kuma a kalle ta ta cikin kyamara ko da akwai gilashi, domin tana ƙona ratina. Na huɗu, hazon hunturu yakan mayar da sama fara, farin fiffike ya saje da ita. Bayan ɗaukewar ruwan damina sama takan yi shuɗi. A ƙarshe, a nemi izinin masu gadi kafin a ɗaga kyamara a wurin gwamnati.

Gwaji a aji

Ɗalibi a Kwarbai ko wata unguwa a birnin Zazzau ba sai ya je Katsina ba. Fankar sili ta wadatar, kuma hasken ɗaki bai kai a nemi gilashi ba. Malami ya kashe fankar, ya manna ɗan ƙaramin tef mai launi dabam a ƙarshen fiffike ɗaya, ya kunna ta, a ajiye waya daidai ƙarƙashinta, a ɗauki hoto a 1/30 na sakan. Ɗalibai su auna kusurwar bakan da tef ɗin ya zana. Idan an sami digiri 36, a ninka da 30, a sami digiri 1,080 a sakan, wato zagaye uku, ko zagaye 180 a minti. A maimaita a kowace lamba ta makunnin fankar, a rubuta sakamakon a jadawali. Da wannan lissafi ɗalibi zai iya ƙiyasta saurin injin iska daga hotonsa, muddin ya san tsawon lokacin da marufi ya yi a buɗe.