Cutar mantuwa: Yaushe ya kamata dattijo ya ajiye tuƙi?

A ƙasashen da yawan tsofaffi ke ƙaruwa, irin su Japan da Birtaniya, iyalai da dama na fama da wata tambaya mai wuyar amsawa: shin mahaifin da likita ya tabbatar ya kamu da cutar mantuwa zai iya ci gaba da tuƙa mota?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutane miliyan 57 ne ke ɗauke da cutar, wadda wasu ke kira gigin tsufa, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 na zaune ne a ƙasashe masu tasowa.

Hukumar ta ce cutar ba ɗabi'ar tsufa ba ce, lalacewar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ce ke haddasa ta, kuma nau'in da ake kira Alzheimer shi ne ya fi yawa.

Inda haɗarin yake

Likitoci sun ce abin da mutum ya daɗe yana yi da hannunsa, kamar riƙe sitiyari da sauya giya, ba ya saurin ɓacewa.

Abin da cutar ke fara taɓawa shi ne iya auna tazarar da ke tsakanin mota da mota, da tuna hanya, da kuma saurin yanke shawara idan yaro ya gifta ba zato ba tsammani.

Saboda haka ne dattijo kan yi tuƙi sumul a kan titin da ba cunkoso, amma ya rikice da zarar ya isa shataletale.

Wata matsalar kuma ita ce, cutar kan hana mai ita gane cewa ƙwarewarsa ta ragu. Idan ya ce lafiyarsa ƙalau, ba gardama yake yi ba, iyakar abin da ya sani ke nan.

Daga cikin alamomin da ake shawartar iyalai su lura da su akwai ɓacewa a hanyar da aka saba bi, da taka totur a maimakon birki, da wuce danja, da kuma lotsewar jikin mota da mai ita ya kasa bayanin yadda aka yi.

Abin da doka ta ce

A Birtaniya, samun cutar ba ya nufin a karɓe lasisin mutum nan take. Amma wajibi ne ya sanar da hukumar lasisin tuƙi ta DVLA da kuma kamfanin inshorarsa, in kuwa ya ƙi sanar da hukumar, ana iya cinsa tarar da ta kai fam 1,000.

Hukumar kan nemi rahoton likita, wani lokaci ta sa a gwada tuƙinsa, sannan ta ba shi lasisi na ɗan lokaci, galibi shekara guda. Idan majinyaci ya ƙi jin shawara, an yarda likita ya sanar da hukumar da kansa.

A Japan, inda kusan kashi 30 cikin 100 na jama'a suka kai shekara 65, dokar ta fi tsauri.

Tun daga 2009 ake yi wa direbobi masu shekara 75 zuwa sama gwajin ƙwaƙwalwa idan za su sabunta lasisi. A 2017 aka tilasta wa duk wanda gwajin ya nuna alamar cutar a tattare da shi ya je ganin likita, kuma idan ta tabbata, akan dakatar da lasisin ko a soke shi.

A watan Afrilun 2019 wani direba mai shekara 87 ya banke wata mata da 'yarta mai shekara uku har lahira a unguwar Ikebukuro da ke birnin Tokyo. Ba a danganta haɗarin da cutar mantuwa ba, amma ya tayar da hankalin jama'a, kuma a wannan shekara fiye da mutane 600,000 ne suka mayar da lasisinsu don raɗin kansu.

Nauyin iyali

Duk da waɗannan dokoki, 'ya'ya ne kan fara ganin alamun, kuma su ne ke shiga tsaka mai wuya, tsakanin kunyar mahaifi da haƙƙin masu bin hanya.

Masana sun yi gargaɗin cewa raba dattijo da motarsa ba tare da tanadi ba na iya jefa shi cikin kaɗaici da damuwa, domin da ita yake zuwa wurin ibada da asibiti da ziyarar 'yan uwa.

Shawararsu ita ce a fara zancen tun cutar ba ta yi nisa ba, lokacin da zai iya sa bakinsa a shawarar, kuma a bar likita ya faɗi hukuncin, tun da maganarsa ta fi ta ɗa saurin karɓuwa.

Sannan a samar masa wanda zai riƙa kai shi inda ya saba zuwa. Ɓoye makulli kuwa, a cewarsu, mataki ne da ba a ɗauka sai sauran hanyoyi sun ci tura.