Bayan Aikin Ƙashi: Me Ya Sa Majinyaci Ke Shiga Damuwa?

A wannan wata za mu duba halin da zuciyar mutum ke shiga bayan an yi masa ƙaramin aiki a ƙashi.

Mutanen Samaru da Sabon Gari da ƙauyukan kewaye sukan kai masu ciwon ƙashi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Wasu kuma har Asibitin Ƙashi na Dala a Kano suke zuwa. Ba kowane aiki ne babba ba. Akwai ƙanana, kamar gyara yatsan da ya karye, ko cire ƙari a wuyan hannu, ko cire ƙarfen da aka sa a ƙashi bayan ya warke. Sau da yawa akan sallami mutum a ranar ko washegari.

To, sai dai bayan an dawo gida wasu sukan canja. Mai fara'a ya koma shiru. Mai haƙuri ya koma faɗa da iyali. Wani ya ƙi cin abinci, wani barci ya gagare shi.

Me ke kawo haka?

Na farko, ciwo. Wurin da aka yanka yakan yi zogi, musamman a kwanakin farko. Wanda ciwo ya hana shi barci kuwa, da wuya ya wayi gari da sakin fuska.

Na biyu, magani. Allurar barci da magungunan kashe ciwo masu ƙarfi sukan sa kasala da jiri. Tsofaffi ma kansu yakan rikice na ɗan lokaci, su riƙa sambatu. Wannan aikin likita ne, a gaya masa da wuri.

Na uku, zaman gida. Karayar hannu ga babban mutum takan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ta haɗe. Ta ƙafa tana iya kai wata 3 ko fiye. A duba ɗan dako a kasuwar Sabon Gari, wanda sai ya fita zai samu na cefane. A duba manomi a Samaru da aka ɗaure wa hannu a lokacin noman fari. Dole tunani ya yi musu yawa. Haka uwargida da ta saba yi wa kowa hidima, yau sai an taimaka mata ta yi wanka.

Ina haɗarin yake?

Mai damuwa yakan ga kamar aikin bai yi ba. Daga nan sai ya daina shan magani, ko ya kwance ɗaurin da kansa, ko ya koma gona kafin lokaci. Wani kuma ya riƙa sayen tramadol ba da izinin likita ba, har ya kamu. Ta haka ƙaramin aiki yake komawa babban ciwo, kuɗin da aka kashe ya tafi a banza.

Abin da ya kamata a yi

1. Kafin a bar asibiti, a tambayi likita tsawon lokacin jinya. Wanda ya san ranar sauka bai cika gajiya da tafiya ba.
2. A sha magani yadda aka rubuta, ba ƙari ba ragi.
3. A koma asibiti ranar da aka sa, a kuma je wurin masu gashin ƙashi idan an tura. Motsa jiki yadda suka koyar yana sa ƙarfin zuciya.
4. Kada a bar majinyaci shi kaɗai a ɗaki. A fito da shi zaure ko tsakar gida, a yi hira da shi, a riƙa neman shawararsa kan al'amuran gida.
5. 'Yan'uwa da maƙwabta su kama masa aikin gona ko jiran shago. Masu dubiya su daina ba shi labarin waɗanda aka yanke wa ƙafa.

Yaushe za a koma wurin likita?

Yawanci damuwar takan ragu yayin da ciwo ke sauƙi. Amma idan baƙin ciki ya wuce mako 2 bai ragu ba, a koma asibiti. Idan mutum ya fara cewa gara ya mutu, a kai shi a ranar, kada a jira. Wannan ba hauka ba ne, kuma ba abin kunya ba ne, ciwo ne mai magani. Haka nan idan an ga zazzaɓi, ko ruwa yana fita daga wurin ɗinki, ko yatsu sun kumbura sun yi sanyi.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.