TAMBAYAR DA KE SA 'YAN MATA RUFE FUSKA A GADON ASIBITI

Yau zancen da na kawo muku ba na soyayya ba ne, na wata tambaya ce da likita kan yi wa duk wadda aka yi wa aikin hanji: "Baiwar Allah, kin yi tusa?" Na san wata har ta toshe baki da mayafi. To ki daure ki karanta, domin wata rana ke za a bari da jinyar ƙanwarki ko Innarki.

A wajenmu, Gwarzo da Kabo, abin da kan kai yara da 'yan mata ɗakin tiyata har da zazzaɓin taifot, wanda ake ɗauka a gurɓataccen ruwa ko abinci. In aka yi sake, cikin mako na biyu ko na uku sai ya huda ƙaramin hanji. Daga nan sai Babban Asibitin Gwarzo, ko a wuce Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, a buɗe ciki a ɗinke.

Hanji kuwa ɗan fushi ne, da an taɓa shi sai ya yi lamo ya daina motsi. Ƙaramin hanji kan farfaɗo cikin awa 24, tumbi awa 24 zuwa 48, babban hanji shi ne kurar baya, sai ya kai awa 48 zuwa 72. In ya zarce haka sai ki ga ciki ya kumbura kamar ganga, ga amai, har ta kai a zura roba ta hanci a zuƙo abin da ya taru.

To yaya za a gane hanji ya tashi? Nan fa aka daɗe ana shan bamban. Wannan likita ya ce in an yi tusa, wancan ya ce sai an yi bayan gida, wani ya kara abin sauraro a ciki yana jiran ƙugi, wani kuma ya ƙirga ranar sallama. Ki duba kasuwar Gwarzo mana: in wata ta sayo gero da tiya, wata da mudu, ta yaya za su san wadda ta yi arha? Haka masu bincike suka rasa yadda za su gwada sakamakon wannan asibiti da na wancan, ko a kan magani ne, ko a kan taunar cingam da ake jarrabawa don tayar da hanji.

Shi ya sa suka shiga neman ma'auni guda. A 2013 likitoci a Niyu Zilan suka ce: in an kai kwana na 4 da aiki, aka ga biyu daga alamomi 5, to hanji ya makara. Alamomin su ne tashin zuciya ko amai, kasa riƙe abinci na awa 24, rashin tusa na awa 24, kumburin ciki, da shaidar hoton ciki. A 2014 wasu a birnin Amsterdam na ƙasar Holan suka bi tafiyar abinci cikin hanji da na'ura, suka gano shaidar da ta fi ƙarfi abu biyu ne a haɗe: mara lafiya ya ci abinci mai tauri ya zauna masa, kuma ya yi bayan gida. Tusa kaɗai ba ta isa ba, tunda ana iya yin ta cikin barci. A 2022 kuma likitoci da nas-nas daga ƙasashe daban-daban, tare da waɗanda suka taɓa shan aikin, suka amince da jerin abubuwan da ya kamata kowane bincike ya auna, har da yadda mara lafiya ke ji a jikinsa.

Kin ga ke nan, duk ilimin nan yana rataye ne a bakin wadda ke kwance da mai jinyarta. In kunya ta sa ta ce "a'a" alhali ta yi, ta ja wa kanta ƙarin yunwa. In kuma ta ce "e" don a ba ta koko, ko Gwaggo ta ɓoye fura a ƙasan gado tana ɗura mata, amai na iya kwarara cikin huhu, wannan kuwa ba wasa ba ne. A yau likitoci kan bayar da abinci da wuri fiye da da, amma su ne za su faɗi lokacin.

Don haka 'yar'uwa, in kin je jinya tafi da biro da ɗan littafinki na makaranta. Rubuta ƙarfe nawa ta yi tusa, yaushe ta zaga, me ta ci, sau nawa ta yi amai kuma wane launi. In kore ne, maza ki kira nas. In an ba da izini ki kama hannunta ku ɗan zaga ɗakin. Kunya adon mace ce, amma a gaban likita faɗin gaskiya shi ne rabin magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.