Gugar Katako da Bin Jijiyar Itace

Masassaƙan ƙasar Rogo da Ƙaraye sun daɗe da sanin cewa itace yana da hanya. Wanda ya sa gizago a jikin ƙirya ko maɗaci ya saɓa wa hanyar nan, sai itacen ya tsage. Wannan ƙa'ida ita ce tushen aikin guga, ko a allon karatu ne, ko a teburin ofis.

Dalili kuwa shi ne, jikin itace tarin jijiyoyi ne masu kama da siraran bututu, waɗanda suka miƙe daga saiwa zuwa reshe suna kai ruwa. Sanfefa kuma takarda ce da aka manna wa ƙwayoyi masu kaifi, kowace ƙwaya tana yin ɗan zane a inda ta wuce. Idan hannu ya bi tsawon jijiya, zanen yakan kwanta cikinta ya ɓace wa ido. Idan ya gitta ta, sai ya yayyanke jijiyoyin. Ba a cika ganin wannan aibi a busasshen katako ba, sai ran da aka shafa man ƙyalli, tabon ya sha mai ya yi duhu. A jikin allo kuwa, nan ne alƙalami yake tuntuɓe, tawada ta watsu.

Lambar da ke bayan sanfefa tana nuna girman ƙwayoyinta, watau gwargwadon hawan lamba, gwargwadon laushi. Kafinta yakan fara da 80 ko 120, ya koma 180, ya ƙare a 220, domin kowace lamba aikinta share zanen wadda ta gabace ta. Akan naɗe takardar a guntun katako don kada yatsu su yi kwari, a kuma kakkaɓe ƙura kafin a sauya lamba. Daga nan sai a shafa ɗanyen tsumma, ƙananan jijiyoyi su tashi kamar gashi, a bari ya bushe, a sake bi a hankali. Tsakanin shafin mai na farko da na biyu, 320 ko 400 ta isa, kuma da sassauƙan hannu, musamman a gefe inda man ba shi da kauri.

Kafin zuwan sanfefa, masassaƙa a Afirka ta Yamma sukan yi guga da ganyen wani nau'in ɓaure mai kaushi. Kayan aiki sun sake, amma ƙa'idar tana nan.

Saboda haka, ma'aikacin da aka ɗora wa karɓar kujeru da tebura na makaranta yana da hanyar jarrabawa mai sauƙi. Ya kai teburin bakin taga, ya sunkuya ya dube shi ta inda haske ya kwanto. Duk zanen da ya gitta jijiya zai bayyana, kuma nan ne ya kamata a nemi gyara, tun ba a sa hannu a takardar biya ba.