Tausa, naƙuda da sinadarin oksitosin

Idan ciki ya kai wata takwas, ƙorafin da aka fi ji a layin awo ɗaya ne, a unguwar Makama ta Yola ko a Asibitin Ƙwararru na Jimeta: baya ya riƙe, kwankwaso kamar zai rabe. A gida kuwa maganin farko hannu ne. Tsohuwa ta shafa man shanu a tafinta, ta zaunar da mai ciki a tabarma, ta bi gadon bayan da babban yatsa a hankali.

Turawa ma suna da irin wannan ilimi. Wani likitan Amurka, Andrew Taylor Still, ya kafa fannin ostiyofati a 1874, wato jinyar jiki ta hanyar tausa da motsa gaɓoɓi. A 2010 wani bincike a jihar Texas ya nuna cewa matan da aka yi wa irin wannan tausa a watannin ƙarshe na ciki, bayansu bai gaza da wuri ba kamar na sauran. Ko tausa na da alaƙa da naƙuda? Wannan tambaya ta kai mu ga oksitosin, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke sakewa cikin jini. Shi ke murɗa mahaifa lokacin naƙuda, shi ke sauko da ruwan nono idan jariri ya kama. Taɓawa mai laushi da kwanciyar hankali suna taimaka masa, tsoro kuwa yana daƙile shi. Amma tausar baya ba ta sa ranar haihuwa, kuma duk wanda ya ce zai danne ciki ya sauko da jariri, a guje shi.

Inda hannu da wannan sinadari suka fi haɗuwa a ceton rai shi ne bayan haihuwa, lokacin zubar jini. Tun 1953 wani masanin kimiyya, Vincent du Vigneaud, ya haɗa oksitosin a ɗakin gwaji, shi ne allurar da ungozomar asibiti ke yi wa mace da zarar jariri ya faɗo. A 2023 aka fitar da sakamakon binciken E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero cikin jagororinsa. Ana shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai jego. Jini na kai iyaka, sai a hau murza mahaifa ta saman mara, a haɗa da allurai da ƙarin ruwa lokaci guda. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari.

Matsalar Yola zafi ne. Allurar oksitosin tana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8, ga shi a watan Afrilu zafin garin kan haura 40, wuta kuma ba ta da tabbas. Kwalbar da ta yi makonni a kantar kemis ƙarfinta ya ragu. Mafi muni, idan aka yi ta a gida don a “ƙara naƙuda” jariri bai fito ba, tana iya fasa mahaifa.