Lissafin Falke da Tambayar Dala Miliyan Ɗaya

Ɗalibin da ke karatun kwamfuta a jami'ar Wudil, wadda aka kafa a 2001 aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022, da wuya ya je gida hutu ba a miƙo masa wayar da ta ƙi kunnuwa ba. To ina ga wanda ya wuce har digiri na uku, a ɓangaren da kayan aikinsa biro ne da takarda? Shi yakan kwana uku bai buɗe kwamfuta ba. Abin da ya dame shi daban ne: wane lissafi na'ura za ta iya warwarewa, cikin wane lokaci, wanne kuma ya fi ƙarfinta?

Mu je karar Wudil ranar Juma'a. A ce wani falke zai zaga garuruwa, su Gaya da Ɗambatta da Maigatari, kowanne sau ɗaya, ya dawo gida ta hanyar da ta fi gajarta. In garuruwan 10 ne har da Wudil, zaɓinsa 181,440 ne, kwamfuta kan duba su kafin ƙiftawar ido. In sun kai 20, na'urar da ke gwada hanya biliyan ɗaya a daƙiƙa sai ta yi kusan shekara 2. A ƙara biyar kacal, su zama 25: kusan shekara miliyan 10! Akwai dabarun da suka fi bin hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, amma babu wanda ya samo dabarar da ke bayar da amsa daidai cikin sauri komai yawan garuruwa, babu kuma wanda ya kafa hujjar cewa babu ita.

Ga inda gizo ke saƙa. In wani ya kawo hanya ya ce ba ta kai kilomita 600 ba, yaron mota ma zai haɗa lissafin ya gaskata shi ko ya ƙaryata. Duba amsa abu ne mai sauƙi. Shin nemo ta ma haka ne, mu ne dai ba mu gano dabarar ba? Stephen Cook ya tsara wannan tambaya a 1971, ana kiranta P da NP, kuma a 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay a Amurka ta sa dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware ta. Kuɗin na nan. Mahaucin da ke karɓar ciniki da POS ma abin ya shafe shi, domin makullin sirrin banki ya dogara ne kan zaton cewa wasu lissafai na da wahalar gaske.

Ɗalibin kirki ba ya tunkarar wannan giwa gaba da gaba. Yakan yanki ɗan gefe, misali garuruwan da ke jere a kan titi ɗaya ko amsar da ta kusa daidai, ya shekara uku ko huɗu yana gina hujja. Shi ya sa, a ganina, wanda ya taso daga sashen lissafi ya fi mai saurin rubuta manhaja jin daɗin fagen.

Irin wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A 1732 Malam Muhammad al-Katsinawi ya rubuta ƙa'idojin cike hatimi mai gidaje mara, mataki bayan mataki, yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kusan shekara 200 kafin a kunna kwamfutar farko.