Yaron da ke zanen mota: wace hanya zai bi?

Wataƙila a gidanka akwai yaro ko yarinya mai cika takardun lakkol da zanen motoci, ko mai haɗa motar kara da ta gwangwani. Kafin ka tsawata masa, ka sani akwai mutanen da wannan ita ce sana'arsu. Kowace mota da kake gani a tasha, sai da wani ya fara zana ta.

Aikin ya bambanta da na bakanike, wanda ke gyara motar da aka riga aka ƙera. Ya bambanta kuma da na injiniya, mai lissafin inji da ƙarfin ƙarfe. Mai tsara mota shi ne ke fitar da siffarta: tsawonta, fitilunta, kujerunta, da inda hannun direba zai kai ba tare da wahala ba. Da fensir yake farawa, sannan kwamfuta. Daga nan sai a gina motar da wani yumɓu na musamman, girmanta daidai da na gaske, a gwada yadda iska ke bi ta jikinta, domin motar da ke tsaga iska da sauƙi ba ta shan mai da yawa.

Ga misali daga maƙwabtanmu. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ne, an haife shi a 1966. Ya fara koyon zanen gine-gine a Birnin Kebbi. A 1990 ya samu tallafin karatu daga jihar Sakkwato, ya tafi wata makarantar zane a birnin Detroit na Amurka, cibiyar ƙera motoci. Ya gama a 1994, kamfanin General Motors ya ɗauke shi aiki. Shi ya zana samfurin Chevrolet Volt, mota mai aiki da lantarki, da aka nuna wa duniya a 2007. Daga 2017 zuwa 2023 ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya.

Hanyar doguwa ce, gaskiya, kuma da tsada. Makarantun da suka yi suna a fannin suna Amurka da Turai, guraben aikin kuma kaɗan ne. Amma a gida ake aza tubalin farko. Kada ka fitar da yaron daga lakkol, domin sai da takardar bakaloriya ake shiga waɗannan makarantu. Ya riƙe lissafi, ya ƙara Ingilishi a kan Faransanci. Makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da ke Maraɗi tana cikin wuraren da zai iya nema.

Abin da iyaye suka fi mantawa shi ne zanen kansa. Waɗannan makarantu ba sa karɓar ɗalibi sai sun ga tarin zanensa. Saboda haka ka saya masa fensir da littafi dabam, ya riƙa rubuta kwanan wata a kan kowane zane, ka adana su inda gara da ruwan sama ba za su kai ba.